Larabar da Aka Haifa Ran Lahadi

Kun tashi kun tarar autarku tana amsa Laraba alhali ran Lahadi aka haife ta, kuma kun san sunan yayata ne, wadda kuke kira Mama Kagoma. Iyakar abin da na gaya muku game da yadda aka sa sunan ke nan. Na bar ku kuna ɗauka cewa ni ƙane ne mai zumunci wanda ya yi wa 'yar'uwarsa takwara, ya huta. Ba haka abin ya tafi ba. Yanzu da hannuna ya fara rawa, mahaifiyarku Rifkatu ta ce in zauna in rubuta yadda aka yi, tun ana iya karanta rubutuna. Zancen da muka yi da Yaya da yarenmu muka yi shi. Na mai da shi Hausa saboda ku, don ba ku riƙe yaren sosai ba, wannan ma laifina ne.

Babanmu ya rasu da damina ina ɗan shekara tara. Ya bar mana gonar dawa, kunyar doya kaɗan, da uwa mai ciwon ƙirji wadda ba ta iya sunkuyawa da fartanya. Mu biyu ne muka rayu a ɗakinta, Yaya Laraba da ni, tsakaninmu shekara tara, sauran duk sun koma tun suna ƙanana. Auta take kirana, ita da kowa a gidan. Lokacin tana cikin mawaƙan majami'armu ta ƙauye, kuma idan ta ɗauki waƙa har matan da ke wucewa da itace sukan sauke kaya su saurara. Akwai wani saurayi ɗan gidan mai bishara da ya riga ya kawo gaisuwa. Da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana, 'yan'uwan babanmu suka taru suka ce ba hali, in zauna in riƙe gona. Bayan sati ɗaya na ga Yaya ta jiƙa dawa a randa, ta shanya ta ta yi tsiro, ta kai niƙa, ta aro manyan tukwane biyu wajen wata tsohuwa a bayan kasuwa. Haka ta fara dafa burkutu.

Dattawan ikkilisiya suka kira ta sau biyu. A na uku aka sa ta a horo: aka hana ta cin jibin Ubangiji tare da masu sujada, aka cire ta daga mawaƙa, aka nuna mata bencin baya kusa da ƙofa. Ta zauna a bencin nan wajen shekara guda, daga baya ta daina zuwa. Saurayin nan ya janye ba tare da ya ce mata uffan ba. Ni kuwa duk farkon zango sai in tarar da akwatina a shirye, da sabulu, da garin rogo, da gyaɗa soyayya a gwangwani, ban taɓa tambayar daga ina ba, ko da yake na sani. Hannuwanta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk tabon wuta ne. Ta yi jinyar mamanmu har ta binne ta. Daga baya ta auri wani manomi mai haƙuri, bai daɗe ba shi ma ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba.

A kwalejin horon malamai na zama mai zafin addini. Ba na ƙin wannan, don a can na san Ubangiji da gaske, kuma har gobe ina ganin giya ta rushe gidaje da yawa a ƙasarmu. Na ga mutanen da suka shanye rumbunsu kafin damina ta faɗi. Amma zafin nawa ya zo da girman kai. Na fara jin kunyar gidan da ya yi ni. Ranar aurena da mahaifiyarku a Kafanchan, Yaya ta zo tun da jajibere da akuya da buhun acca, ta ɗinka sabon zane. Kujerar uwar ango tata ce, kowa ya sani. Na sa aka zaunar da matar kawunmu a kai, ita kuma na ce a kai ta wajen masu girki. Da yamma shugaban makarantar da nake koyarwa ya ga wata mata tana gyara mini wuyan riga, ya tambaye ni ko wace ce.

"Wata 'yar garinmu ce," na ce.

Hannunta yana kan kafaɗata lokacin da na faɗa. Ta ƙarasa gyara wuyan rigar, ta koma wajen tukwane. Daga ranar ba ta sake kirana Auta ba, sai Malam.

Shekara goma sha uku muka yi a haka. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne da an sasanta mu. Duk Kirsimeti nakan hau babur in je garinmu Kagoma, in tsaya a ƙofar gida in gaishe ta, in miƙa shinkafa da atamfa. Takan ce in shigo in sha ruwa, in ce ina sauri. Mahaifiyarku ce ta riƙe zumuncin a ƙafarta. In za ta gidansu a Manchok sai ta ce mini za ta kwana uku, ta yi biyu a can, na ukun ta yi shi a Kagoma. Na sani, ta san na sani, ba wanda ya ɗaga maganar.

Shekarar da nake so in ba ku labari, kai Iliya kana aji shida, sauran ukun suna bin ka a jere, duk maza. Mahaifiyarku ta ɗauki ciki na biyar, wannan karon da wahala. Jininta ya hau, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, likita ya ce ta bar keken ɗinki ta kwanta, in ba haka ba a rasa ɗaya ko a rasa biyu. A daidai lokacin ne kuma aka sa sunana cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikkilisiya. Ba zan ɓoye muku ba, ina son abin nan ƙwarai. Na yi shekaru ina koyar da ajin baftisma, ina karanta nassi ran Lahadi, ina ganin lokacina ya yi. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da wata tsohuwar jaka a tsakar gida, da ƙullin daddawa, da muryar da na sani tana yi wa ɗayanku faɗa ya wanke hannu. Na shiga ɗaki wajen mahaifiyarku.

"Wa ya kira ta?"

"Ni. Mamata ta tsufa, ƙannena suna gidajen mazansu. Ko kai za ka tuƙa tuwon, Baban Iliya?"

"Kin san ana maganar zaɓe."

"Na sani. Zaɓen ba zai wanke mini zane ba."

Wata biyu Yaya ta yi a gidan nan kafin haihuwa. Ta bar tukwanenta da aladunta a hannun wata maƙwabciya, ta zo ta ɗauke gidan kacokan. Ita ke tashi da asuba ta ɗora ruwan wanka, ita ke cefane, ita ke matsa wa mahaifiyarku ƙafafu da man kaɗe da rana tsaka. Gishiri ta rage a miya saboda mai ciki, kuka yi ta ƙorafi, ta ce wanda bai so ya je ya lashi bango. Idan baƙi suka yi sallama sai ta sulale bayan kicin, ba ta fitowa sai sun tafi. Ni ban ce ta yi haka ba, amma kuma ban taɓa ce mata ta daina ba, kuma raina yakan yi sanyi in na ga ta sulale.

Ran Lahadin da naƙuda ta zo ina majami'a, ina tsaye a gaba da littafi a hannu. Yaya ce ta fita titi ba ko ɗankwali ta tare motar haya, ta sa direba ya sauke fasinjojinsa, ta riƙe mahaifiyarku har asibiti. Kafin saƙo ya iso ni in isa, an gama. Na tarar da ita zaune a ƙasa a baranda, zanenta duk ya ɓaci, tana riƙe da takalman mahaifiyarku a cinya. Nas ta miƙo mini jaririya a tawul, ƙarama ƙwarai, fuska a yamutse kamar wadda aka tashe ta daga barci mai daɗi. Yaya ta leƙo ta bayan kafaɗata, ta yi wa nas magana da Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji.

"Yarinyan nan ya ɗauko kunnen babanshi. Allah ya sa kada ya ɗauko taurin kai."

Nas ta yi dariya. Ni ma na yi.

Mace ta farko bayan maza huɗu, sai kowa ya zama mai suna a baki. Ku yara kun kasu biyu, wasu na son Precious, wasu na son Blessing, har aka yi dambe a kan tabarma. Kakarku ta Manchok ta aiko cewa in ba a sa Godiya ba to an yi wa Allah butulci, don an ga mutuwa da ido an dawo. Wani abokin aikina ya ce tunda ran Lahadi ce ai ta zo da sunanta, Ladi. Ni kuwa tun cikin yana wata uku na riga na rubuta Lidiya a bayan littafin shirin darasina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ina jin yadda zai fita a bakin fasto, suna mai tsabta, na 'yar dattijon ikkilisiya. Mahaifiyarku kaɗai ba ta kawo nata ba. Da na tambaye ta sai ta ce ita dai ta samu yarinyarta da rai, ko Cokali aka sa mata za ta kira.

Ran Alhamis da la'asar matan zumunta na majami'armu suka zo barka, su wajen ashirin, cikin anko, da tulun kiɗa da caki. Suka cika falo har baranda, suka ɗauki waƙar godiya. Na zaga baya in ɗauko ƙarin benci. A bayan kicin na tarar da Yaya zaune a kan turmin da aka kifa, da tsummokin jaririya a roba a gabanta, hannunta cikin kumfa amma ba ta wanki. Idonta a rufe, tana bin waƙar ƙasa-ƙasa, da muryar nan ta biyu da ke bi ta ƙarƙashin waƙa ta tallafe ta. Shekara kusan talatin rabon da in ji ta, ba abin da ya ragu a ciki. Ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Da ta ji motsina ta buɗe ido ta yi shiru nan take, ta ci gaba da cuɗa tsumma kamar an kama ta da sata.

"Yaya, me ya sa ba ki shiga ba?"

"A'a, Malam. Kada in ɓata maka taro. Daga nan ma ina ji."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. Da gaske take kiyaye mini mutunci, kamar yadda take kiyaye mini akwati a dā. Na ɗauki bencin na kai, na zauna cikin mata ana addu'a, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina ta ganin yarinya 'yar shekara goma sha takwas tana jiƙa dawa a randa, ta san sarai abin da za a karɓe mata, ta jiƙa.

Da baƙi suka watse na shiga wajen mahaifiyarku, tana ba da nono. Na ce mata ina so a sa wa yarinya Laraba. Ta dubi kan jaririyar, ta amsa.

"Tun a asibiti sunan yake bakina. Na ce ba ni zan faɗa ba, don in ni na faɗa ba shi da amfani. Amma ka tambayi mai sunan tukuna. Ba riga ba ce da za ka ɗauka a igiya."

Na sami Yaya tana kwashe tuwo. Na faɗa mata a tsaye, da irin muryar da nake sanar da hutu a makaranta, ina zaton za ta yi murna. Ta ajiye mara, ta goge hannu a zane.

"Kada ka yi. Sunana ya sha hayaƙi. Yarinya sabuwa, ka nema mata mai haske."

"Na riga na yanke."

"Ka saba yankewa, Malam. Wannan nawa ne, ban bayar ba."

Washegari kafin in dawo daga makaranta ta tafi. Ta dafa abincin rana, ta wanke tsummoki ta shanya, ta gaya wa mahaifiyarku cewa aladu suna nemanta, ta hau mota. Saura kwana biyu suna. Na tsaya a tsakar gida da jakar littattafai a hannu, mahaifiyarku ta leƙo ta taga ta ce akwai mai a babur, ita ta sa aka zuba.

Rana ba ta yi sanyi ba na isa Kagoma. Wannan karon ban tsaya a ƙofa ba. Na tura babur har cikin gida. Ranar fitar burkutu ce, maƙwabciyar nan ta dafa, rumfa cike da maza a kan benci, kowa da ƙoƙonsa, ƙudaje suna yawo, aladu suna gurnani a bayan danga suna jiran dusa. Duk suka juyo suna kallona. Wani tsoho da ya san babanmu ya ce yau Malam ya ɓata hanya, wasu suka yi dariya. Yaya tana bakin murhu tana juya wata tukunyar da doguwar muciya, hayaƙi yana dukan idonta. Na je gabanta na durƙusa a cikin toka, da wandon zuwa makaranta.

"Tashi, za ka ɓata wando."

"Yaya, abin da na faɗa ranar aurena, da kujerar da na hana ki. Na zo ki yafe mini."

Ta ci gaba da juya tukunya, ta gyara itace da ƙafa, sannan ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Maganar biki na yi mata kuka kwana biyu, ta wuce. Yaro ne kai, ga manyan mutane, ga mata 'yar boko. Abin da bai wuce ba, shekara goma sha uku ba ka sha ruwan gidan nan ba. A gidanka ka ci tuwona, don da tukunyarka na dafa. Nan kuwa ka tsaya a ƙofa kamar mai karɓar haraji. Wanda yake ƙyamar ƙoƙona, me zai yi da sunana?"

"To ina jin yunwa," na ce. Gaskiya ce kuma, ban ci komai ba tun safe.

Sai a lokacin ta dube ni. Ta miƙa wa maƙwabciyar muciya, ta shiga ɗaki, ta fito da tuwon dawa da miyar karkashi a kwanon da nake tunawa tun na mamanmu, bakinsa duk ya ɓantale. Ta ce in shiga ciki in ci, kada a gan ni. Na san abin da take nufi, hanyar kasuwa ta bi ta ƙofar gidan, kuma mutanen Kafanchan suna zuwa sayen doya. Na yi tunanin zaɓen nan, ba zan ce ban yi ba. Na karɓi kwanon na je rumfa, tsohon nan ya matsa mini, na zauna tsakaninsa da wani mai gyaran keke, na wanke hannu na fara ci. Tana tsaye a kaina, hannu a ƙugu.

"Ci a hankali, Auta, da zafi."

Na sunkuyar da kai a kwanon, na bar su suna zaton yajin miya ne ya sa ni hawaye. Da na gama ta zauna a gefena a bencin, ta ce ta ba da sunan, amma da sharaɗi ɗaya.

"In ta girma ta tambaye ka wace ce Laraba, kada ka ce mata wata 'yar garinku. Kada kuma ka ce mata waliyyiya. Ka gaya mata abin da nake dafawa, da dalilin da ya sa. In ta ji ta ga ba ta so, ta canza, ba zan ji haushi a kabari ba."

Na yi alkawari. Laraba, ke nake yi wa wannan shafin musamman. Na cika rabin alkawarin tuntuni, rabin da ya shafi nawa laifin ne na yi ta ɗagawa har yau.

Ran Asabar ta dawo da kaji biyu a kwando. Ran Lahadi bayan an tashi sujada aka taru a tsakar gidanmu, an kafa rumfa, dattawa a gaba, matan zumunta a gefe, maƙwabtanmu Musulmi su ma sun zo sun zauna ta wajen bishiyar mangwaro. Fastonmu na lokacin tsoho ne mai sanyin magana, Baba Fasto muke ce masa. Na miƙa masa takarda a ninke. Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya sake dubawa.

"Malam, ba ran Lahadi aka ce mini an haihu ba?"

"Ran Lahadi ne, Baba."

"To. Sunan yarinya Laraba."

Aka yi 'yar dariya, ana zaton kuskure ne. Na miƙe. Na zaga bayan kicin na riƙo hannun Yaya, tana turjewa, na kawo ta tsakiyar rumfa. Na ce wannan yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta yi ni, duk harafin da na koya wa 'ya'yansu daga wutar murhunta ya fito. Kalmar burkutu kam ban iya furta ta ba, amma rabin mutanen wurin 'yan ƙasarmu ne, sun san murhun da nake nufi. Baba Fasto ya karɓi jaririya daga hannun mahaifiyarku, ya taka da kansa ya sa ta a hannun Yaya, a kan tabon nan, ya ce mai suna ta riƙe takwararta a yi addu'a. Da aka ce amin wata tsohuwa cikin matan zumunta ta ɗauki waƙa. Yaya ba ta bi waƙar ba, amma ba ta koma bayan kicin ba.

Abin bai tafi a banza ba. Kafin sati ya zagayo labari ya kai ga dattawa cewa an ga Malam a rumfar burkutu da kwano a hannu. Wanda ya kai maganar ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa abokanku ne, kuma abin da ya gani ya faɗa. Aka kira ni. Wani mai ƙaunata a cikinsu ya buɗe mini ƙofa, ya ce wataƙila wa'azi na je yi. Da na ce e, da an wuce wurin. Na ce a'a, tuwo na je ci a gidan yayata, kuma zan koma. Aka ce to a jinkirta sunana sai an ga hali. Ba a sake ɗaga shi ba, ni ma ban nema ba. Kada ku ɗauka ban ji zafi ba. Na yi wajen shekara biyu in na ga abokaina suna raba jibi a gaba sai in kau da ido. Wata rana na yi wa mahaifiyarku ƙorafi, ta ce ai tsufa zai ba ni dattijantaka ko ba zaɓe, in yi haƙuri.

Yaya ba ta bar sana'arta nan da nan ba, ni ma ban sake yi mata wa'azi a kai ba. Duk ƙarshen wata nakan ɗauki ɗayanku a babur mu je mu ci tuwo. Sai da ta ƙara shekara shida, hayaƙi ya gama da idonta, sannan ta sayar da aladu, ta ba maƙwabciyarta tukwane, ta yarda ta dawo wurinmu. Baba Fasto bai yi ritaya ba sai da ya ga ta karɓi jibi. Ɗaki ɗaya suka riƙa kwana da takwararta. Yarinya ce idonta, ita ke jan ta zuwa majami'a, ita ke gaya mata launin zanen da ta ɗaura. Ita kuma ta koya mata muryar nan ta biyu, da yarenmu, wanda a cikinku Laraba kaɗai ke yinsa ba gargada.

Sai gidan ya samu wata matsala mai daɗi. In mahaifiyarku ta ƙwala kira daga kicin, Laraba, sai a ji amsa biyu, ƙaramar murya daga tsakar gida, babba daga ɗaki. Aka gwada cewa Ƙarama da Babba, bai zauna ba. Yaya ta ce a bar su haka, duk wadda aka fi bukata ai za ta zo. Shekara bakwai ana haka.

Ta rasu da kaka, ana yankan dawa, ba ta yi doguwar jinya ba. Muka kai ta Kagoma muka kwantar da ita kusa da mamanmu. Kwana uku bayan mun dawo, baƙi sun ragu, ina zaune a baranda mahaifiyarku tana kicin tana kwashe miya. Ta kira Laraba ta kawo kwano. Yarinya ta amsa daga bakin famfo ta taho da gudu. Ta taga ina ganin mahaifiyarku tsaye da ludayi a hannu, kanta a karkace wajen ɗakin Yaya, ba ta karɓi kwanon ba tukuna.